Siferik

Siferik gajeriyar siginar rediyo ce da walƙiya ke fitarwa, mafi yawanta tsakanin kilohaz 3 zuwa 30. Takan yi tafiyar dubban kilomita tana kai da komo tsakanin doron ƙasa da ayonosfiya, sashen sama mai cajin lantarki. Tsarin WWLLN na Jami'ar Washington a Amurka yana kwatanta lokacin isarta tashoshi aƙalla biyar, ya gano inda aka yi walƙiyar, ko da a tsakiyar teku ne. Irin waɗannan siginoni suna kuma nuna walƙiya mai ƙarfi da ke haddasa sifirayit, jan hasken da ke bayyana a saman hadari, kilomita 50 zuwa 90 daga doron ƙasa, wanda aka fara ɗaukar hotonsa a shekarar 1989.