Gidan Adana Zane-zane na Yemisi Shyllon da Rabon Zariya a Cikinsa

Gidan adana kayan fasaha na Yemisi Shyllon yana cikin Jami'ar Pan-Atlantic, a yankin Ibeju-Lekki na Jihar Legas, an kuma buɗe shi a watan Oktoba na 2019. Asalinsa tarin mutum ɗaya ne. Yarima Yemisi Shyllon, ɗan gidan sarautar Abeokuta, injiniya kuma lauya, ya fara sayen zane-zane da sassaƙe-sassaƙe tun yana ɗalibi a Jami'ar Ibadan a shekarun 1970, har abin da ya tara ya kai kimanin guda 7,000. Daga ciki ya ba jami'ar 1,000 kyauta, ya haɗa mata da kuɗin gini da na kula da wurin. Kuɗin kulawar nan shi ne hangen nesan, domin zane ba ya jure laima da gara in babu mai tsayawa a kansa.

Kayan gidan sun faro daga mutum-mutumin yumɓu na Nok, wanda sunansa ya fito daga wani ƙauye a kudancin Kaduna, da tagullar Benin, suka gangaro zuwa ayyukan Aina Onabolu da Ben Enwonwu. Sashen da ya fi shafar Bazazzagi shi ne na Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Su ukun a Zariya suka yi karatu, a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya tare da Demas Nwoko da wasu abokansu, suka ƙi yarda su tsaya ga kwaikwayon malamansu Turawa. Manufarsu ita ce kowa ya ɗauki dabarar da ya koya a aji ya ɗora ta kan gadon gidansu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo kuwa ya zana rayuwar Yarabawan Legas da shuɗin launin da aka san shi da shi.

Cikin ganuwar birnin Zariya kuma akwai fasahar da ta girmi kwalejin nesa ba kusa ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830. Magina sun ƙawata fuskar zauruka da dagi, maɗinka sun yi suna da aska biyu da aska takwas. David Heathcote, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara irin waɗannan kaya, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976.

Mai shiga birni ta Ƙofar Kuyambana yau zai ga bulo da siminti suna maye gurbin tsofaffin soraye, kuma duk bangon da aka rushe da zanensa yake tafiya. Tsofaffin riguna da allon zayyana da kayan dawaki suna nan a akwatunan gidaje, rabon gado yana warwatsa su. Ya kamata attajiran Zazzau da masarauta da sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa hannu su tanadar musu mazauni a cikin birni, da kuɗin kulawa na dindindin.