Shin Dabbobi Suna da Harshe?

A darasin farko na kimiyyar harshe akan gaya wa ɗalibi cewa harshe baiwa ce da ɗan Adam kaɗai ya mallaka. Akwai masana da suka ɗauki shekaru suna gwada wannan magana, watau masu kwatanta tunanin mutum da na dabba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna cewa babbar wahalar bincikensu ba daga dabbar take ba, daga shi mai binciken take.

A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na ƙasar Jamus mai suna Hans. Ubangidansa, Wilhelm von Osten, tsohon malamin lissafi ne. In an tambayi Hans biyar a tara da uku, sai ya dinga buga kofato a ƙasa har sau takwas, ya tsaya. A 1904 aka kafa kwamiti na mutum 13 a ƙarƙashin masani Carl Stumpf, suka duba, suka ce ba su ga wata yaudara ba. Gaskiya kuwa suka faɗa. Sai Oskar Pfungst, mataimakin Stumpf, ya sake lale. Wani lokaci ya sa wanda bai san amsa ba ya yi tambayar, wani lokaci ya kare idon dokin don kada ya ga mai tambaya. In Hans yana ganin mai tambaya, yakan dace wajen kashi 89 cikin ɗari. In ba ya ganinsa, sai abin ya faɗo zuwa kashi 6. Ashe mai tambaya yakan ɗan sunkuya in doki ya fara bugu, in an iso lambar da yake jira kuma sai ya ɗan ɗago kai ba da saninsa ba. Wannan motsin Hans yake jira. Pfungst ya buga sakamakonsa a 1907. Hans bai iya lissafi ba, amma dokin da ya gano abin da ya kuɓuce wa mutum 13 ai ba a ce masa daƙiƙi ba.

Bayan shekara sittin sai maganar ta dawo ta wata ƙofa. Da aka ga maƙogwaron babban birin nan cimfanzi ba ya iya furta sautukan mutane, sai Allen Gardner da matarsa Beatrix na Jami'ar Nebada a Amurka suka fara koya wa wata biranya, Washoe, maganar hannu ta kuramen Amurka a 1966. Cikin shekara huɗu ta riƙe alamomi fiye da ɗari. Sun san labarin Hans, saboda haka sukan nuna mata hoto wanda mai karanta hannunta ba ya gani, kuma ta sha ambaton sunan abin daidai. Ke nan ba a musun cewa biri yana iya danganta alama da abu.

Amma jimla fa? An ce wata rana ta ga wani tsuntsu mai kama da ɗinya a kan tafki, ta yi alamar "ruwa" ta bi da "tsuntsu". Wasu suka ce harɗaɗɗen suna ta ƙirƙiro. To, wa ya tabbatar ba ruwan ta ambata daban, tsuntsun daban ba? Herbert Terrace na Jami'ar Kolambiya ya reni nasa birin, Nim, daga 1973 zuwa 1977, ya koya masa alamomi 125. Da ya zauna ya kalli hotunan bidiyo a tsanake, sai ya ga sau da yawa Nim maimaita abin da malaminsa ya yi da hannu yanzu-yanzu yake yi. Doguwar maganarsa, mai alamomi 16, ba ta wuce "ba ni", "lemo", "ci" ana juya su ba. Yaro kuwa in maganarsa ta ƙara tsawo, ma'ana ma ƙaruwa take yi. A 1979 Terrace ya bayyana cewa bai ga jimla ba. Su Gardner sun ƙi yarda, suka ce yadda aka reni Nim ne bai dace ba, don malamansa sun yi yawa.

A ganina hanyar da ta fi tsabta ita ce wadda Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler suka bi a dajin Amboseli na ƙasar Kenya, suka bayyana a 1980. Maimakon su koya wa biri harshen mutum, sai suka ɗauki kukan wasu ƙananan birai a rikoda, suka ɓoye lasifika a cikin ciyawa. In an saki kukan da sukan yi in sun ga damisa, sai birai su haye itace. In na gaggafa ne, su dubi sama su faɗa cikin sarƙaƙiya. In na maciji ne, su miƙe a kan ƙafa biyu suna duban ƙasa. Babu damisa a wurin, babu kuma malamin da zai ɗago kai. Har ma an lura ƴaƴansu sukan yi kukan gaggafa a kan kowane tsuntsu, sai sun girma suke taƙaita shi ga wanda ke cinsu. Sai dai ba a ji waɗannan birai sun haɗa kukan damisa da na maciji sun ba da labarin abin da ya faru jiya ba.