Me ya sa matasan alƙalan wasa ke ajiye usur a Ingila?

A duk ƙarshen mako miliyoyin masu sha'awar ƙwallon ƙafa, ciki har da waɗanda ke cika gidajen kallo a Kano da Kaduna da Maraɗi, kan zuba wa alƙalan wasan gasar Firimiya ta Ingila ido, wani lokaci a yaba, galibi kuma a kushe.

Sai dai kusan duk waɗannan alƙalai a ƙananan filaye na unguwanni suka fara, inda babu kyamarar talabijin, babu 'yan sanda, babu shingen da ya raba su da 'yan kallo.

A waɗannan filaye ne hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, ta daɗe tana fama da matsala guda. Matasa na shiga aikin alƙalanci, amma da yawa ba sa daɗewa suke ajiye usur.

Yadda ake farawa

A Ingila yaro ko yarinya mai shekara 14 na iya yin rajistar koyon alƙalancin wasa a ofishin hukumar ƙwallon yankinsu.

Akan fara da karatun dokokin wasa ta intanet, sannan a yi horo a fili, daga nan sai mutum ya jagoranci wasanni biyar kafin a tabbatar da shi. Bayan haka yakan riƙa hawa mataki-mataki, gwargwadon rahoton da masu sa ido ke rubutawa a kan aikinsa.

Ta wannan hanya Michael Oliver ya bi. Mahaifinsa, wanda shi ma alƙalin wasa ne, shi ya sa shi a hanya yana da shekara 14. A watan Agustan 2010 ya busa wasansa na farko a gasar Firimiya yana da shekara 25, abin da ya sa ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa yin hakan a lokacin.

Shi ma Howard Webb, tsohon ɗan sanda, a ƙananan gasanni ya fara a 1989. Sai bayan shekara 21 ya busa wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai da na cin Kofin Duniya, duka a 2010.

Ke nan alƙalin da za a gani a babban wasa nan da shekara 15 ko 20, a yau yana can wani ƙaramin fili yana raba gardama tsakanin yara. Idan ya yi fushi ya bar aikin, babu wata kasuwa da za a je a sayo madadinsa.

Zagi da duka

Lokacin da hukumar FA ta ƙaddamar da shirinta na Respect, wato girmamawa, a 2008, ta ce kimanin alƙalan wasa 7,000 ne ke barin aikin a kowace kakar wasa, kuma cin mutunci ne babban dalili.

Shekara 15 bayan haka, a watan Fabrairun 2023, gidan rediyon BBC 5 Live ya ji ta bakin alƙalan ƙananan gasanni fiye da 900. Kusan dukkansu sun ce an taɓa zaginsu a bakin aiki, yayin da 293 suka ce an taɓa kai musu hannu, kama daga naushi da karo da kai zuwa tofa yawu.

Abin ya fi yi wa sabon shiga nauyi. Da yake wasannin yara ake fara ba shi, waɗanda ke yi masa ihu daga bakin fili galibi iyayen 'yan wasa ne da masu horar da su, mutanen da sun haife shi.

A irin waɗannan wasanni sau da yawa shi kaɗai ne jami'i a fili, ba shi da mataimaka na hukuma. Idan an tashi kuma, ta tsakiyar mutanen da ya yanke wa hukunci zai bi ya kama hanyar gida, da ɗan abin da aka biya shi wanda bai taka kara ya karya ba.

A watan Maris na 2017 wani matashin alƙali mai shekara 18 daga Manchester, Ryan Hampson, ya jagoranci yajin aikin alƙalan ƙananan gasanni, bayan ya ce an sha dukansa da tofa masa yawu. Masu shirya yajin aikin sun ce alƙalai fiye da 2,000 ne suka shiga, kuma an soke wasanni da dama a ƙarshen makon.

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa

Masu kare haƙƙin alƙalai sun daɗe suna cewa abin da manyan 'yan wasa suka yi a talabijin ranar Asabar, shi yara ke kwaikwaya ranar Lahadi.

Shekarar 2023 ta kawo misalai da dama. A watan Maris ɗan wasan Fulham Aleksandar Mitrovic ya ture alƙali Chris Kavanagh a wasan cin Kofin FA da Manchester United, aka kuma dakatar da shi wasa takwas.

Bayan wasan ƙarshe na gasar Europa tsakanin Sevilla da Roma, kocin Roma na lokacin Jose Mourinho ya tare alƙali Anthony Taylor a wurin ajiye motoci yana zaginsa. Kashegari magoya bayan Roma suka yi wa Taylor da iyalinsa ca a filin jirgin saman Budapest.

A watan Disamba kuma shugaban ƙungiyar Ankaragucu ta Turkiyya, Faruk Koca, ya shiga fili ya naushi alƙali Halil Umut Meler a fuska, lamarin da ya sa aka dakatar da wasannin ƙasar na ɗan lokaci, aka kuma haramta wa Koca harkar ƙwallo har abada.

Wani lokaci ma abin kan kai ga asarar rai. A watan Disambar 2012 wasu matasan 'yan wasa suka lakaɗa wa Richard Nieuwenhuizen duka a garin Almere na ƙasar Holan, bayan ya riƙe tuta a wasan da ɗansa ya buga. Ya mutu kashegari yana da shekara 41.

Matakan da aka ɗauka

Yawancin matakan da hukumar FA ta ɗauka sun karkata ne ga rage wa alƙali kaɗaici a fili.

Daga kakar wasa ta 2019 zuwa 2020 aka bai wa alƙalan ƙananan gasanni ikon fitar da ɗan wasa na tsawon minti 10 idan ya yi musu gardama ko rashin kunya. Hikimar ita ce, idan ƙungiya ta san za ta koma mutum 10, abokan wasan mai gardamar ne za su fara tsawata masa. Hukumar ta ce gwajin da aka yi a gasanni 31 ya nuna gardama ta ragu da kashi 38 cikin 100.

A watan Fabrairun 2023 aka fara gwajin maƙala wa alƙalai ƙaramar kyamara a ƙirji, a garin Middlesbrough, kafin a faɗaɗa zuwa wasu yankuna. Alƙalin ne ke kunna ta idan ya ga an fara cin zarafinsa, kuma hoton kan zama hujja a gaban kwamitin ladabtarwa. An fara gwajin ne a wasannin manya.

Daga kakar 2023 zuwa 2024 kuma aka fara zabtare wa ƙananan ƙungiyoyi maki uku zuwa 12 idan 'yan wasansu ko masu horar da su suka maimaita manyan laifuka, ciki har da taɓa alƙali.

Hukumomin yankuna da dama na bai wa alƙalan da ba su kai shekara 18 ba wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa su ɗaura a damtse, domin tuna wa 'yan kallo cewa mai usur ɗin nan yaro ne da ke koyon aiki. Wasu kuma kan haɗa sabon alƙali da tsohon hannu, wanda zai tsaya a bakin fili ya kalli wasansa, ya ba shi shawara bayan an tashi.

Buɗe ƙofa ga kowa

Ɗaya ɓangaren shi ne jawo waɗanda a da ba sa ganin irinsu a aikin.

A ranar 23 ga watan Disambar 2023 Rebecca Welch ta zama mace ta farko da ta busa wasan Firimiya, tsakanin Fulham da Burnley. Kwana uku bayan haka Sam Allison ya zama baƙar fata na farko da ya busa wasa a gasar tun bayan Uriah Rennie a 2008.

A shekarar ce kuma hukumar FA ta sanar da aniyarta ta ɗaukar sababbin alƙalai 1,000 daga al'ummomin da ba su da wakilci sosai, cikin shekara uku.

Ƙarancin dai bai tsaya ga Ingila ba. A watan Agustan 2023 hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, ta ƙaddamar da wani gangami na neman sababbin alƙalai 40,000 a kowace kaka. A gasar cin kofin nahiyar ta 2024 kuma ta kafa ƙa'idar cewa kyaftin ne kaɗai zai tunkari alƙali don neman bayani kan babban hukunci.

Sai dai ɗaukar sababbi ba tare da riƙe na hannu ba tamkar zuba ruwa ne a kwando. Kyamara da zabtare maki na iya tsorata mai niyyar duka, amma ba su hana uba yi wa yaro ɗan shekara 15 ihu saboda bai ba ɗansa fenareti ba.

Abin da zai nuna ko matakan sun yi tasiri shi ne yawan matasan da za su sake sabunta rajistarsu a kaka ta biyu da ta uku, lokacin da ɗokin sabon usur ya wuce.