Ciwon akaifa: a haska kafin a sha magani

Ƴan uwa ƴan kasuwa, duk mun san akaifar da ke yin kauri, ta koma ruwan ɗorawa, tana marmashewa. Mai sayar da fura ko ɗanyen kifi takan ɓoye ta da lalle, don mai saye yana duban hannu kafin ya dubi ƙwarya. Sau da yawa wata ƙwayar cuta dangin funfuna ce ke cin akaifar, kuma ta fi kama masu wuni hannu cikin ruwa, da masu rufaffen takalmi, da masu ciwon sukari.

Sai dai kusan rabin akaifun da suka lalace ba wannan ƙwayar ce ta ɓata su ba: wasu bugewa ce, wasu wani ciwon fata. Ga shi maganin da ake sha, wato terbinafine, sati 6 ne don hannu, sati 12 don ƙafa, kuma yana iya taɓa hanta. Shan shi a kan zato asarar kuɗi ce da kasadar lafiya.

Tsohuwar hanyar ganewa ita ce a kankare akaifa a duba ta a madubin likita, ko a shuka ƙwayar a ɗakin gwaji a jira sati 2 zuwa 4. Yanzu haske yana taimakawa. Akwai damatoskop, ƴar fitila mai gilashi da ke ƙara girman abu sau 10. A 2013 likitocin Bolonya a Italiya sun bayyana alamar da take nunawa: bakin ciwon yakan yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto, da zane-zane a tsaye, alhali na bugewa miƙaƙƙe ne. Akwai kuma na'urar OCT, wadda masana a Amurka suka fito da ita a 1991. Haskenta yana shiga milimita 1 zuwa 2, ya nuna cikin akaifa ba yanka ba zafi, amma tana da tsada.

Haske ba ya faɗin sunan ƙwayar, don haka gwajin kankara yana nan da amfaninsa. Abin da haske ke yi shi ne nuna wa likita wanda ya kamata a gwada da wurin da za a kankara.

Shawararmu: kada mu sa lalle ko jan farce a akaifar da za mu nuna wa likita, domin launi yana rufe alamar. Mu bar sayen magani a faranti. Mu riƙa ba mai yankan akaifa sabuwar reza, mu tsane hannu bayan aiki. Mai ciwon sukari ya je asibiti da wuri. Sannan mu yi haƙuri: sabuwar akaifar hannu sai wata 6 take cika, ta ƙafa kuwa shekara ɗaya ko fiye.