Kuɗin Riɗi da Kyamarar Farko: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurara ba.

Saƙo ne ya zo mana daga wani ɗan'uwa a Kaugama. Ya ce shekara biyu ke nan yana ɗaukar hoto da waya, na suna da na kamu da na 'yan ƙwallon unguwarsu. Bana ya sayar da riɗinsa, yana so ya shiga Kano ya sayo kyamara ya mai da abin sana'a. Wacce zai saya da ɗan abin da ke hannunsa? Ya ƙara da cewa in ya yi kuskure, to sai wata kakar. Ɗan'uwa, wannan maganar taka ta ƙarshe ce ta sa muka ware maka shirin yau gaba ɗaya.

Mu fara da abin da ke ruɗar mutane, wato megafiksel. Za ka ji an ce waya tana da 50 ko 108, kyamarar da ake nuna maka kuma 18 kacal, sai gabanka ya faɗi. Kwantar da hankalinka. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, ana ce masa sensa. Na ƙananan kyamarorin Canon da Nikon tsawonsa wajen milimita 23 ne, faɗinsa wajen 15. Na yawancin wayoyi kuwa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Kamar ruwan sama ne: wanda ya tara baho ya fi wanda ya tara moɗa samu. Shi ya sa in magariba ta yi, hoton waya ke yin dishi-dishi, na kyamara kuma ya fito tas. Ko hoto mai girman takardar A4 za ka wanke, megafiksel 9 ya ishe ka. Saboda haka 18 ta yi maka yawa ma.

To wacce za ka nema? Tunda kuɗin ba yawa, ta hannu ce hanyarka, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai Canon 600D, wadda ta fito a 2011, megafiksel 18, fuskarta tana juyawa, tana da wurin saka makirfo. Akwai Nikon D5100, ita ma ta 2011, mai 16. Akwai Nikon D3200 ta 2012, mai 24. Duk sun tsufa, amma har yau suna ciyar da gidaje. Ba zan faɗi farashi ba, don ka san halin dala, abin da na faɗa yau zuwa jibi ya zama labari. Ka taya a shago uku ko huɗu, a Beirut Road da Sabon Gari, kafin ka ciro ko sisi. Sannan ga wata dabara: ka duba irin da masu hoton Haɗeja da Malam Madori suka fi riƙewa, ka sayi irinta. Ranar da batirinka ya mutu a tsakiyar biki, a nan za ka san amfanin wannan shawarar.

Yanzu sai idon kyamara, wanda masu sana'a ke kira lens. Wallahi nan ne kyan hoto yake. Yawanci za a haɗa maka da mai lamba 18-55. Ka karɓa, yana aikin taro da hoton jama'a da rana. Amma in da ragowar kuɗi, ka ƙara da 50mm f/1.8. Wannan lambar ta bayan f, ƙanƙantarta ce alheri: tana nufin ƙofar haske ta buɗe sosai. Shi ne ke fito da amarya raɗau, bayanta ya narke, irin hoton da ka ke gani a Instagram kana mamaki. In Nikon ka saya cikin waɗannan biyun, ka tabbata an rubuta AF-S a jikin lens ɗin. In ba haka ba, ba zai saita kansa ba, sai ka riƙa murɗawa da hannu. Babban lens mai janyo nesa, na ɗaukar dawakai a hawan sallah a Haɗeja ko tsuntsayen dausayin Baturiya, wannan ka bar shi sai kyamarar ta fara biyan kanta.

Ga abin da za ka yi a cikin shagon, kuma kar kunya ta hana ka. Ka tafi da memorinka. Cikin kyamarar akwai wani ɗan labule da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka danna, kuma yana da iyaka. Irin su D3200 kamfanin ya gwada su a kan dannawa 100,000. Ka ce a nuna maka adadin da ta riga ta yi. A Nikon yana cikin bayanan kowane hoto, a Canon kuma sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta kusa kai iyakarta, ka bar musu kayansu. Bayan nan ka saita ta a f/22, ka ɗauki sararin sama ko farin bango, ka faɗaɗa hoton. Ɗigo-ɗigo kaɗan ƙura ce, ana gogewa. Layi miƙaƙƙe ko tabo babba kuwa matsala ce. Ka cire lens, ka haska shi da fitilar waya. In ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, kar ka saya. Ka gwada filasha, ka danna kowane maɓalli, ka yi bidiyo na minti biyar. A ƙarshe ka karɓi rasit mai lambar kyamarar a jiki, don kar a sayar maka da kayan sata.

Mai son bidiyo, ka sani waɗannan ba su ɗaukar dogon zango a tashi ɗaya. D3200 tana tsayawa a minti 20, ita kuwa 600D in ka sa ta a cikakken inganci, wajen minti 12 take yankewa. Gajerun bidiyo na TikTok, lafiya lau. Wa'azi na awa guda kuwa, sai dai wata na'urar.

Kar ka zuba kuɗin duka a kyamara. Ka ware na batir na biyu, tunda ka san yadda wuta take a garuruwanmu, da memori biyu masu kyau, da jaka, da 'yar robar hura iska, da kuɗin motar dawowa. Wanda ya dawo da kyamara mai tsada babu batir na biyu, ya sayi doki ne babu linzami.

Sai kula da ita. Da hunturu, ƙura ce abokiyar gabarka. Kar ka canza lens a fili iska na kaɗawa. Ka shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa. Kar ka goge gilashi da bakin riga, yashi zai karce shi. Da damina kuma, a ƙasar fadama irin tamu, laima ce ke haifar da fumfuna. Ka samu roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka riƙa ajiye ta a ciki.

Abu na ƙarshe, ɗan'uwa. In ka dawo da ita, kar ka karɓi aikin bikin mutane a satin farko. Ɗaurin aure ba a maimaita shi don mai hoto ya yi kuskure. Ka yi wata guda kana ɗaukar ƙannenka da 'yan kasuwa da masu aikin gona, da safe da yamma da dare, har hannunka ya faɗa. In akwai tsohon hannu a kusa, ka bi shi biki biyu ko uku kana riƙe masa jaka.

Allah Ya sa wa kuɗin riɗin nan albarka. Wanda ya taɓa sayen ta hannu, ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.