Magani na nan kyauta, me ke hana shi isa ga mai ciki a ƙauyukan Abuja?

In aka ce Abuja, Maitama da Asokoro ne ke faɗo wa mutum a rai. To amma Rubochi ta Kuje da Yaba ta Abaji da Dafa ta Kwali duk Abuja ne, can ma kullum ana haihuwa. Hedikwatar NACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, a cikin birnin nan take, ga asibitin koyarwa a Gwagwalada, duk da haka Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ke ɗaukar ƙwayar HIV daga iyayensu mata.

Kuma abu ne da ake iya tarewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi komai ba, cikin jarirai 100 da masu ɗauke da ƙwayar suka haifa, 15 zuwa 45 kan kamu, ko tun a ciki, ko wajen naƙuda, ko ta nono. In uwa ta riƙe maganinta, ba sa kai 5. Gwaji da maganin duk kyauta ne a asibitin gwamnati.

Matsalar farko, sai an je awo ake gwajin. Mai cikin fari tana jin kunya, ba ta faɗa sai ciki ya turo zane. In damina ta sauka rafi ya cika, ɗan acaɓa ya ninka kuɗinsa, maigida ya ce a bari sai an yi girbi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Ungozoma ta iya aikinta, ba raina ta ake yi ba, amma ba ta da abin gwada jini.

A ganina, nisa bai kai tsoro ɓarna ba. Mace ta je awo, an gwada, an kira ta gefe an faɗa mata. Ta dawo gida da robar magani a ƙullin zane. Ina za ta ajiye? Ta juye ƙwayoyin a leda, ta tura ƙarƙashin jeren kwanoni, ta jira kishiya ta yi barci kafin ta haɗiya. Ranar da uwar miji ta kwana a ɗakin, an tsallake. Tana tsoron a ce ita ta kawo, a miƙa mata takarda, alhali shi maigidan ko sau ɗaya bai taɓa ba da yatsansa an gwada ba. Wata ma asibitin garinsu take gudu don malamar jinya 'yar unguwa ce. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cutar, sai dai doka ba ta shiga tsakar gida.

Ga kuma goyon ciki. Mace ta tafi gidan iyaye haihuwa, katinta na wani asibiti, magani ya ƙare ana tsakiyar wankan jego. Kafin a tafi, a gaya wa ma'aikatan asibitinta, su ba da isasshe ko takardar komawa asibitin can.

Wajen shayarwa ma ana tuntuɓe. Shawarar likitoci ita ce nono zalla wata shida, uwa na shan maganinta ba fashi. Kaka kuwa ta ga zafin Abaji, ta ce yaro na jin ƙishi, a ɗura masa ruwa, gobe koko. Wannan haɗin kan raunata hanjin jariri, ya buɗe wa ƙwayar ƙofa.

Maigida, ranar awon farko ka ɗauke ta da kanka, a gwada ku tare. In an samu, ta fara magani a ranar, kai ma haka in kana da ita. Ko a gida aka haihu, a kai jariri asibiti kafin kwana uku a karɓi maganinsa na ruwa. Ya cika mako shida a ɗebi jini a diddigensa, sannan a sake gwada shi bayan yaye.