Lissafin Baya-da-Baya: Yadda Masana Ke Gano Halin Ƙasa Ba Tare Da Sun Tona Ta Ba

Duk mai son ya san inda ruwan sama ke shigewa bayan ya sauka a gona, tilas ne ya san halin ƙasar da ruwan ke ratsawa. To, amma babu mai iya tone fili gaba ɗaya domin ya duba. Wannan ne ya sa masana lissafi suka ɓullo da wata hanya ta aiki da baya: su auna abin da ya faru, sannan su koma su gano dalilinsa.

A shekarar 1822 Bafaranshen nan Joseph Fourier ya wallafa lissafin da ke bayyana yadda zafi ke yaɗuwa cikin abu. Daga baya, a 1931, Ba'amurke Lorenzo Richards ya tsara makamancinsa domin tafiyar ruwa a ƙasar da ba ta gama jiƙewa ba, inda ya ɗora kan dokar da Henry Darcy ya fitar a 1856. A cikin kowane lissafi akwai wata lamba mai nuna saurin wucewar zafi ko ruwa. Wahalar ita ce lambar ba ta tsayawa wuri guda. Busasshiyar ƙasa na riƙe ruwa, jiƙaƙƙiya kuwa na sakinsa, haka ma ƙarfe ke sauya yadda yake ɗaukar zafi yayin da yake ƙara zafi.

Masu bincike kan binne na'urori a zurfi daban-daban, su rubuta yawan danshi a kowace sa'a, sannan kwamfuta ta yi ta gwada lambobi har ta sami waɗanda suka fi dacewa da ma'aunin. Irin waɗannan ma'aunai na danshin ƙasa na cikin abin da aka tattara a babban binciken HAPEX-Sahel da aka gudanar kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar a 1992.

Sai dai akwai tarko. Tun a 1902 Jacques Hadamard ya ce lissafi mai inganci sai ya cika sharuɗɗa uku: a sami amsa, amsar ta zama guda ɗaya tak, kuma ƙaramin kuskure a ma'auni kada ya jawo babban kuskure a amsa. Lissafin baya-da-baya kan karya sharaɗi na uku, domin yaɗuwar ruwa ko zafi na shafe bambance-bambance, ta yadda ƙasa iri biyu mabambanta za su iya ba da kusan ma'auni ɗaya.

Masanin Tarayyar Sobiyat Andrey Tikhonov ne ya samar da fitacciyar mafita a 1963. Ya ce a bar neman amsar da ta yi daidai da kowace lamba da aka auna, a zaɓi wadda ta kusanci ma'aunin kuma ba ta tsalle-tsalle marasa dalili.

Amfanin wannan aiki a fili yake. Da shi injiniyoyi ke ƙiyasta yawan ruwan da gonar rani ke bukata, da tsawon lokacin da takin zamani ko gubar masana'antu za su ɗauka kafin su isa ruwan rijiya. Idan lambar ta kauce, hasashen ma ya kauce, kuma manomi da mai shan ruwan rijiya su ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu.